A Ba Jikata Kwana Uku Ta Je Gashuwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke tura malaman Turanci ƙasashen waje, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke aiki ƙarƙashinka.

Ni ce Hajja Bintu ta unguwar Fezzan, a nan Maiduguri. Ban yi boko ba. Maƙwabciyata Malama Rifkatu, wadda ta yi aikin akawu har ta yi ritaya, ita ke rubutawa ina faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara min magana, yadda ta fito haka za ta sa. Ta ce za ta kai wa masu jarida, tunda sau huɗu muna kiran ofishinku wata mai zaƙin murya tana cewa oga yana mitin.

Maganar jikata ce, Yagana, wadda kuka ɗauka za ta je Tailan ta koyar da Turanci shekara biyu. Yanzu haka tana hannunku a Abuja.

Na ɗaya, Yallaɓai, godiya. Ba na faɗa da tafiyar nan. Ranar da ta zo da labari na tambaye ta ina ne Tailan, ta ce, Kaka, can ne ƙasar da shinkafar buhu take fitowa. Tun daga ranar, in na kishingiɗa bayan Azahar sai in ga wurin. Ina ganinsa kamar fadamar Jere da damina, sai dai ba ta da iyaka, kore shar har inda ido ya tsaya, ga fararen balbelu, ga yara sun jeru kan kunya da littattafai a ka, Yagana tana gaba da farin mayafinta tana faɗa suna amsawa. Ta ce min rana tana riga fitowa a can, lokacin da muke Asuba su har sun yi kalaci sun manta. Sai na ce to madalla, kullum ita za ta fara ganin ranar, ta turo mana sauran. Yarinyar da nake aike sayen daddawa, yau ita ce za ta koya wa mutanen bayan teku magana. Wa zai ƙi wannan?

Na biyu, ga inda kuka ɓata min. Takardar da kuka aiko ta ce tafiya sai wata biyu bayan Babbar Sallah. Rifkatu ta karanta min ita sau biyu, tana nan cikin kwallata. A kan wannan takarda Yagana ta ajiye aikinta na makarantar Bulumkutu da wuri, don mu samu sarari mu yi yawon sallama. Sai ga waya ranar Litinin, sati ɗaya da Sallah, wai wani malami ya fasa, an matso da ita, lallai ranar Alhamis da safe ta kasance a Abuja. Talata ta wuni asibiti ana ɗibar jini, Laraba da sassafe ta shiga mota. Kuka ce sati biyu za su yi ana koya musu zaman ƙasar, kullum ana kiran suna, wanda ya rasa kwana ɗaya a ba wani gurbinsa, daga nan sai jirgi. Yau kwana biyar ke nan. Saura tara.

Na uku, bari in gaya maka wadda aka tsallake.

Ina da ya, Ya Kaltum, tana Gashuwa. Ta girme ni da shekara shida ko bakwai, mu ba ma ƙirgawa. Uwar Yagana 'yata ce, ta rasu yarinyar tana wata bakwai, ni kuma lokacin ina kwance ba na ko iya ɗaga kai. Ya Kaltum ba ta taɓa haihuwa ba. Ta zo gaisuwa, ta ɗauki jaririyar ta ɗora a baya, ta ja majanyi ta ɗaure, ba ta tambayi kowa ba. Da nonon akuya da kunun gero ta rayar da ita. Da ita a baya take zuwa bakin kogi wanki, da ita take surfe, da ita take zuwa kasuwa. Sai da Yagana ta isa shiga makaranta ta dawo min da ita, ta juya ba ta ko sha ruwa ba don kada a ga idonta.

A wurinmu wadda ta goya ka, ba ka yin nisa sai ka je gabanta ka durƙusa, ta dafa kanka, ta ce ta sallame ka. Kuma majanyin da ta goya ka da shi, in ta adana, a ranar take danƙa maka. Ya Kaltum ta adana. Baƙi ne mai ratsin ja, saƙar hannu, yana ƙasan akwatinta naɗe da turaren wuta. Mutum uku na ce su karɓo mana, ta hana. Ta ce ba saƙo ba ne, hannu da hannu ne.

Da Yagana ta yi wa wani ma'aikacinku bayani, sai ya yi dariya ya ce, ai yanzu duniya ta ci gaba, ta kira ta a waya su ga juna. Yallaɓai, su ga juna da me? Ya Kaltum shekara biyar ke nan ba ta gani, kunne ɗaya ma ya tafi. In aka kara mata waya sai ta yi ta juya ta tana cewa waye a ciki. Da hannu take sanin mutum. Sai ta shafa goshi, ta bi hanci, ta taɓa kunne, sannan ta kira sunanka. Ni ban ce yaron nan mugu ba ne. Bai sani ba ne, kuma bai tsaya ya ji ba.

Mun shirya tafiyar nan tsaf, ni da ita. Mu tashi da sanyin safiya, mu tsaya Damaturu mu sha fura, la'asar sakaliya muna Gashuwa. Kwana goma za mu yi. Na so in kai ta bakin kogin nan, inda ake jan kwalekwale kan yashi, in nuna mata wurin da muka yi wanka muna 'yan mata, ni da Ya Kaltum, ruwa iya ƙirji, kifi yana gogar ƙafarmu muna ihu. Akwai wata tsamiya da muke rataye zannuwa, ban san ko tana nan ba. Na so mu zauna mu uku a tabarma ɗaya, a gasa tarwaɗa, a ƙunsa mata lalle, Ya Kaltum tana riƙe da ƙafar don kada ta motsa kamar yadda take yi tun tana ƙarama. Daga nan mu leƙa Nguru, ta ga inda layin dogo ya ƙare, don a can na fara ganin jirgin ƙasa na ɓoye bayan babanmu. Na ce wadda za ta hau na sama gara ta fara ganin wanda ya tsorata kakarta. Har yanzu in na rufe ido muna cikin motar nan, iska tana kaɗa mayafinta, ba mu isa ba tukuna.

Rifkatu ta ce na yi nisa, in dawo kan magana.

To, na huɗu, roƙona. Na yafe Nguru, na yafe kogi, na yafe kwana goman. Kwana uku kawai nake nema cikin taran da suka rage. Ɗaya ta taso daga Abuja, ɗaya ta wuni gaban Ya Kaltum, ɗaya ta koma muku. Kuma ku rubuta a takarda cewa ba za a ba wani gurbinta ba, don yarinyar nan tsoro take ji, ba za ta roƙa da bakinta ba, ba ta ma san ina wannan wasiƙa ba. Abin da za ku koya mata a kwana ukun, ƙawayenta su maimaita mata a jirgi, na ji an ce tafiyar doguwa ce. Shekara biyu a wurinku ba komai ba ne. Ya Kaltum kuwa tun azumi ba ta gama kwanon kunu.

Kuma don Allah, nan gaba in kun sa wa 'ya'yan mutane rana, ku bar ta inda kuka sa ta. Kowane ɗayansu akwai wanda ya goya shi.

Ni gobe zan shiga mota in tafi Gashuwa ni kaɗai. Har yau ba wanda ya gaya wa Ya Kaltum cewa an matso da tafiyar, tana nan tana sa a share mata ɗaki. In na shiga za ta shafa fuskata, sannan ta miƙa hannu bayana tana neman ta biyun. Ban san abin da zan ce mata ba. Zan ce tana hanya. Kada ka sa in zama maƙaryaciya, Yallaɓai.

Allah ya ƙara maka girma, ya raya maka zuriya, ya sa in naka sun yi nisa su dawo su tarar da kai. Allah ya sa ka ji.

Rifkatu, ya isa haka, na gaji. Rubuta masa wassalam.

Wassalam.

Hajja Bintu, Fezzan, Maiduguri.

A nan Hajja ta jingina da bango. Ni Rifkatu na rubuta, ta dangwala yatsa.