Wace Ƙafa Tiziri Za Ta Sa a Gaba

Uka, 4 ga Janairu

Lahsen ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka. Mu lafiya. Ƙanƙara ta sauka shekaranjiya, ta kai gwiwa, masu motoci sun fara hawowa dutse.

'Yarka Tiziri na bukatar maɗaurin ƙafa. Allon sulun ƙanƙara guda da na riƙe daga shagon ba da hayar alluna na marigayi ubanka Addi yana nan garau, amma maɗauransa sun tsage. Da igiyar alfadari take ɗaure takalminta a kai. Ran ashirin da biyar mutanen ƙungiyar sulu za su gwada yara, su ɗauki shida su koya musu aikin koyar da baƙi. Kai da bakinka ka ce in ba su ɗauke ta ba, ta sauko wurinka ta zauna a shagon ɗinki. Na ji. Amma ba da igiyar alfadari za a gwada ta ba.

Zaren da na naɗe cikin takardar nan tsawon takalminta ne. Allon rami huɗu gare shi a wajen kowace ƙafa. Ka ba Hmad mai tasi ya hawo da su.

Sai na ji ka.
Uwarka Tuda

Marrakesh, 9 ga Janairu

Zuwa ga Immi, mahaifiyata abar girmamawa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Tiziri da maƙwabta baki ɗaya, Allah ya ƙara miki nisan kwana.

Ga maɗaurai na aiko. Mai shagon ya tabbatar mini irinsu gwanaye ke sawa, masu tauri ne ƙwarai. Na ɗauki manya da gangan, don yarinya ce mai tasowa, za ta girma ta cika su. A kai wa Baba Moha ya ɗaura, tunda shi ke riƙe da shagon yanzu, kuma a sa ƙafar dama a gaba kamar yadda marigayi Babana yake yi.

Immi, kada ki sa rai da yawa. Jinina ce. Kin san yadda ni na ƙare da dutsen nan. Na riga na yi magana da mai shagon ɗinkin.

Ki sa mu a addu'a.
Ɗanki mai biyayya, Lahsen

Uka, 12 ga Janairu

Lahsen,

Gaisuwa. Ga kayanka na mayar.

Me ya sa na wahalar da kaina na auna zare? Wannan ba rigar salla ba ce da za a saya da girma. Ta sa ƙafa ciki, takalmin yana yawo kamar cokali a tukunya. Ga tauri, ko ni da hannu biyu ban lanƙwasa bayansu ba. Yarinyar da ba ta kai buhun sha'ir nauyi ba, ina za ta iya da su? Ka canzo matsakaita, masu ɗan laushi. Ka kai zaren, ba bakinka ba.

Sai maganar dama. Jiya tana tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, na lallaɓo ta baya na hankaɗa ta. Ƙafar hagu ta jefa gaba ta tare kanta. Ta ce, "Jadda, kakata, lafiyarki kuwa?" Na ce ta juya. Na sake, hagu. Da yamma tana ba kaji tsaba na sake, hagu. Ta ce in na ƙara za ta koma kwana wurin alfadari, shi aƙalla ta gaba ake ganin shirinsa.

Shekara arba'in ina saukowa da dakon ciyawa a kan santsi. Kowace mace a hanyar nan na san ƙafar da take fara jefawa in ta zame. Ba zaɓa ake yi ba, da ita ake haihuwar mutum.

Na je wurin Moha na ce in kaya sun zo a juya, hagu a gaba. Ya ajiye burodinsa ya ce, "Haba Tuda! Allo talatin Addi ya ɗaura, duk dama a gaba. Da dama ake ci, da dama ake shiga masallaci."

Na ce, "Dutsen nan masallaci ne?"

Ya ce shi dai ba zai warware abin da hannun mamaci ya ɗaura ba.

Na ce, "Ni da na yi shekara talatin da takwas ina warware masa rawani? Miƙo sukudireba, tsoho."

Ya miƙo. Tana wurina.

Ka ce jininka ce. Gaskiya ne. Kai ma hagu ne, tun ranar da ka fara tafiya.

Uwarka Tuda

Marrakesh, 17 ga Janairu

Immi,

Bayan gaisuwa. Ga matsakaita, masu laushi, an gwada su da zaren a gabana.

Na karanta takardarki sau uku. Hunturu shida Baba yana ɗora ni a kan allo, ina tashi ina faɗuwa. A gaban baƙi yake ce mini taiki. Yaran Moha suna bina suna tafi. Ina da sha bakwai na bi motar kayan lambu na sauko, na ɗauka ƙafafuna ne ba su da amfani. Har yau in na hango farin dutsen daga kan soro sai in juya baya.

Ashe kin sani. Kina tsaye a ƙofar shagon kina zuba wa mutane shayi, kina kallo. Don me ba ki faɗa ba?

Maganata a kan Tiziri tana nan yadda take.

Ki huta lafiya.
Lahsen

Uka, 26 ga Janairu

Lahsen ɗana,

Ina gaishe ka. Kaya sun yi daidai. Ni na ɗaura su, Moha ya zo daga baya ya ƙara matse kusoshin, wai kada a ce a shagonsa aka kashe yarinya.

Kwana biyun farko ta sha ƙasa, don jikinta ya saba da karkatacciyar tsayuwa. Ta yi kuka ta ce in mayar mata yadda yake. Na ƙi. A rana ta huɗu ta sauko tun daga sama ba ta dafa ƙasa ba.

Jiya aka gwada su. Yara sha tara. Ta faɗi sau ɗaya a kwana ta ƙarshe, ta tashi ta ƙarasa. Ita ce ta biyar. Sun ɗauke ta. Ka gaya wa mai ɗinki ya nemi wata.

Ka tambaye ni don me ban faɗa ba. Na faɗa wa ubanka sau ɗaya, ya ce mace mai dakon ciyawa ba za ta koya masa sana'arsa ba. Ya yi kwana tara bai ci tajin ɗin da nake dafawa ba. Sai na yi shiru don gida ya zauna lafiya, kai kuma ka ci gaba da faɗuwa. Ban yi daidai ba.

Ka adana takardar nan, don ba zan sake faɗa ba.

Allah ya yi maka albarka.
Uwarka Tuda