Dabbobin Lakar da Ban Gasa Ba

Laraba, 11 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu ma nan da sauƙi. An yi mini aikin ido, na dama ya buɗe, na hagu sai a hankali. Saƙon ɗanki mai zane a kwamfuta ya iso, wai in ɗauki hotunan dabbobina in aika masa zai sa su a fim. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Fiye da shekara talatin ana kirana Malam Jibi a dangi, wai mai tunanin zamanin da bai zo ba, kuma ke kika raɗa mini sunan, ranar da kika ce Baba ya kai ni jami'a ne kawai don in dawo ina wasa da laka. Ban manta ba, Auta. Sai yau aka tuna ina da amfani.

Tunda ba ki taɓa tsayawa kin duba ba, bari in gaya miki abin da na jera a kan katakan ɗakin baya. Lokacin da nake koyar da ilimin halittu nakan tambayi ɗalibai: in mutane suka ƙare a duniya, zamani ya yi tsawo, wace dabba ce za ta gaje ta? Kowa sai ya ce zaki. Ni kuwa na ce ɓera da hankaka da jemage, masu cin duk abin da suka samu. Jikokinsu na zauna na ƙera da laka. Akwai ɓeran magudanar ruwa da ya kai girman tunkiya, da fata tsakanin yatsunsa, hancinsa ya hau saman kai don ya yi numfashi yana cikin ruwa. Akwai jemagen tsibirin da babu kyanwa, wanda ya bar tashi ya koma tafiya a ƙasa. Shi ya fi ba ni wahala, domin ƙafafun jemage na rataya ne, ba su da ƙarfin ɗaukar jiki, dole na mayar da nauyin kan fukafukan da ya naɗe. Ɗanki ya tambaya ko akwai mai fukafukai shida yana hura wuta. Ki ce masa babu. Dabba ba ta samun ƙashin da kakanninta ba su bar mata ba. Abin da ke nan shi ake miƙawa, ko a gajarta, ko a lanƙwasa, da ikon Allah.

Saboda haka ne ban taɓa gasa ko ɗaya ba. Gasasshiyar laka ba ta karɓar gyara. Sai in kwana biyu ina tunani, in ga kunnen ɓeran nan ya yi wa mai iyo girma, in jiƙa shi in rage. Duk wanda ya ce ya gama sanin yadda halitta za ta kasance, bai yi tunani sosai ba.

Ina kwance a asibiti Dogo, ɗan da na haifa, ya ga yana bukatar ɗakin don ajiye tayoyin shagonsa. Shi da matarsa suka kwashe dabbobin zuwa bayan gida, suka rufa da tamfol, suka danne da duwatsu. Iska ta zo ta yaye, ruwa ya biyo. Da na dawo da bandeji a fuska babu wanda ya ce mini uffan. Uwar yara ta yi ta kawo mini shayin da ban nema ba, tana ba ni labarin maƙwabta. Sai da ido ya buɗe na tura ƙofar ɗakin, warin roba ya tarbe ni. Dogo ya rantse a hankali ya ɗauke su, ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwai. Ya ce ai laifin na wanda ya ajiye ɗanyar laka shekara da shekaru ne, kuma in na kwatanta, zai sa maginin tukwane ya yi mini sababbi har da fenti. Hannuna yanzu ko cokali yana rawa da shi, kuma na gaji da yi wa mutane bayani.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Hajiya Babba in tana gane mutane, da amaryar ɗanki. Uwar yara tana gaishe ki ƙwarai. Shi kuma ɗanki mai zane ki ba shi haƙuri, ban taɓa ɗaukar dabbobin hoto ba, don a ganina ban gama su ba tukuna. Abin da na tarar a bayan gida tulin taɓo ne da wayoyin ƙarfen da na yi musu ƙashi. Ko ɗaya bai tsira ba.

Ni ne yayanki.