Lasisin Baba da Katafilar Haya

Yuma, 9 ga Maris, 1997

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar? Yaya Gwaggo Chayo da awakinta? Tunda kunnenka ya mai da waya ihu a tsakaninmu, ga takarda. Mu nan lafiya lau, mijina Wendell da yara suna gaishe ka.

Mun gama kwalbatocin Wellton tun farkon Janairu. Sai dai akwai wata 'yar magana da ta ɓata min rai, gara ka ji ta daga bakina.

Katafilar da muka ɗauko haya a wajen Tackett, ranar da muka gama da ita na yi yadda ka koya min. Na sa aka wanke ta, na cika mata mai, na ajiye ta bakin hanya, makulli a ƙarƙashin kujera. Na haɗu da Orval direban tirelarsu a gidan mai, na ce masa mun gama, a je a ɗauka. Ya ce, "An gama, 'yar Anselmo." Haka kuka yi ta yi kai da shi shekara talatin.

Ashe tsoho Tackett ya sayar wa wasu mutanen Texas da wurin tun Nuwamba, sunan kawai suka bari a jikin allo. Su a tsarinsu sai ka buga waya ofis an ba ka lamba, sannan kuɗin haya ya daina gudu. Babu lamba, kana kan haya. Katafila ta yi sati bakwai a bakin hanya tsuntsaye na yi mata kashi, sai ga takarda: dala dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu!

Na je ofishin. Wani sabon manaja mai gashin baki kamar an zana da biro ya ce, "Yana shafi na biyu na takardar haya, kuma kin sa hannu." Na ce masa tun kafin a yanke masa cibiya muke haya a nan, kuma ko dala ɗaya ba zai gani ba. Ka san bakina. Na ƙara da wasu kalmomin da ba zan rubuta maka ba.

Kada ka sa abin a ranka, barazana ce kawai. Na saka maka dabino a cikin kwalin, ka ci a hankali.

'Yarka,
Delfina

Yuma, 21 ga Mayu, 1997

Babana,

Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, kunya ce ta hana ni rubutu.

Ba barazana ba ce. Sun kai ƙarata hukumar lasisin 'yan kwangila, wai na ƙi biyan mai ba da haya alhali mai gonar da muka yi wa kwalbatocin ya biya ni. Takardar da ta zo kuwa ba sunana ne a samanta ba, Baba, naka ne. Kai ka ci jarrabawar, sunanka ne ke riƙe da lasisin kamfanin. Sau biyu ka ce in je in zauna tawa jarrabawar, sau biyu na ce sai aiki ya yi sauƙi. Yanzu shekara talatin da huɗu da ka yi ba a taɓa rubuta komai a kan lasisinka ba, ni na ɗauko su na ajiye gaban alƙali. An sa ranar 16 ga Yuni a Phoenix.

Na sauke girman kai na koma wajen manajan da rabin kuɗin. Ya yi murmushi ya ce ai bai manta da maganar cibiya ba, duka ko babu. Duka kuwa ba ni da shi. Banki ya ce in dawo bayan shari'a. 

Lauyan da na ɗauka ya ce hanya ɗaya ce. In aka tabbatar na sanar da ma'aikacinsu, magana ta zama gardamar bashi, ba ruwan lasisi. Don haka na je gidan Orval. Bai musa ba ko kaɗan. Ya ce ya rubuta a bayan rasit, rasit ya bi wando wanki, shi kuma ya manta. Sannan ya ce, "Delfina, in kin kira ni zan faɗi gaskiya, ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba. Amma ranar za su sallame ni." Sun riga sun kori tsofaffin ma'aikata biyu. Wata goma sha huɗu ya rage masa ya kai fansho, kuma matarsa Loretta sau uku a sati ake mata wankin ƙoda, inshorar kamfanin ke biya. Ita ce ta kawo min kofi, hannunta duk shatin allura. Na kasa sha.

Ga wani fom na haɗo. In ka sa hannu ka maido kafin ranar, lauya ya ce wataƙila a raba sunanka da abin. Don Allah ka sa hannu. Tsoro nake ji, Baba.

'Yarka,
Delfina

Yuma, 18 ga Yuni, 1997

Babana abin ƙaunata,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya kai da Gwaggo. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

An yi zaman shekaranjiya. Ɗaki ne ƙarami, alƙaliya wata dattijuwa mai tabarau, manajan da lauyansu a gefe guda, ni da nawa a ɗaya gefen. Orval ya zo ba tare da kowa ya kira shi ba. Ya sa farar riga, ya zauna a benci a waje, hularsa a kan gwiwa, yana jiran in aika.

Alƙaliyar ta ce, "Kin ce kin faɗa wa wani ma'aikacinsu. Waye?" Lauyana ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Manajan ya buɗe biro ya ɗora a kan takarda, yana jiran sunan. Na dubi biron nan, na dubi alƙaliyar. Na ce na faɗa wa mutum, amma ba zan kira sunansa ba. Ta cire tabarau ta ce, "Kin gane abin da hakan ke nufi?" Na ce na gane. Ta sake tambaya, na sake ba ta amsa ɗaya.

An dakatar da lasisin har sai an biya kuɗin duka, kuma ko an biya, hukuncin zai zauna a fayil da sunanka, duk mai neman ba da aiki zai gani. Aikin makarantar Somerton da muke sa ran samu ya tafi. Jiya na tara ma'aikatanmu shida na faɗa musu. Wendell ya sa motarsa a kasuwa.

Saura maganar wasiƙarka. Fom ɗin ya dawo babu sa hannu, ka ce kai ba ka gudu ka bar 'yarka. Na yi kuka a kan wannan. A ƙasa kuma ka rubuta cewa in kira Orval, laifinsa ne, shi ya kamata ya ɗauka, kuma sunan nan shi kaɗai ka tara a duniya, kada in bari a taɓa shi.

Duk hanyar dawowa daga Phoenix ina shirya yadda zan ce maka wasiƙar ta makara. Ba ta makara ba. Tun ranar Juma'a ta iso, na karanta ta ya fi sau goma, tana cikin jakata lokacin da alƙaliyar ke tambayata. Na san abin da ka ce, na san sunan ba nawa ba ne, kuma na bayar da shi ban tambaye ka ba. In aka maimaita ranar, ina jin haka zan sake yi, wannan ne ya fi damuna.

Ranar Lahadi zan taho. Zan tsaya da mota a bakin shinge, ba zan shigo ba sai ka turo Gwaggo ta buɗe min. In har rana ta yi tsaka ba ta fito ba, zan juya, kuma ba zan ga laifinka ba.

Ka huta lafiya.

'Yarka har kullum,
Delfina