Rabi Ta Yi Lugude

Zuwa ga Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya ciwon gwiwar? Ya maigida da yara, ya zaman Ikko? Mu nan Birnin Gwari lafiya lau, alhamdu lillahi.

Albishirinki! Tun da aka sako ƙanwarmu Rabi daga daji, da ta ji ƙarar daka sai ta firgita, ta ɗauka harbi ne. Dole muka kai turminmu maƙwabta. To, akwai wata ungozoma mai tara matan da abin ya shafa, tana yi musu tausa da man kaɗanya, tana koya musu jan numfashi a hankali. Ni har na ce, "Tausa ce za ta cire tsoro?" Na dai riƙa raka ta.

Jiya ina tankaɗe sai ga Rabi ta mirgino turmin da kanta, ta ce, "Yaya, ɗauko taɓarya." Wallahi lugude muka yi, tana cilla taɓarya sama tana tafi! Na rangaɗa guɗa, hawaye na zuba.

A ci gaba da yi mata addu'a. Ki gaishe min da kowa, ki ce musu turminmu ya dawo gida.

Ƙanwarki,
Hadiza