Dariyar Haisam a Tashar Sutphin

Harlem, New York
4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Ladi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Umma? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya ƙi tafiya.

Takarda na zaɓa maimakon saƙon murya don na san halinki, a tsakar gida za ki kunna kowa ya ji.

Kin san zamanmu da Haisam. Shi aikin dare yake a filin jirgin sama wajen lodin kaya, ni kuma na safe a wani asibiti a unguwar Jamaica. A tashar Sutphin da jirgin ƙasa ke sauke ni ƙarfe bakwai saura, a nan shi kuma yake jiran wanda zai kai shi gida. Wata rana mu ɗaga wa juna hannu, wata rana cunkoso ya raba mu. Lahadi kaɗai ce tamu, ita ma a fim ɗin zombi take ƙarewa, matattun nan da ke tashi suna jan ƙafa suna bin mutane. Kada ki yi dariya. Tsoro nake ji, shi ya sa ma nake son sa, don sai na ƙanƙame mijina. Shi cewa yake duk wanda ya ga mutanen tashar nan da safe, ido a lumshe, kowa na bin ƙeyar na gabansa, ya san inda masu fim suka samo labarinsu. Fim ɗin mai dogon zango ne, kuma mun yi alkawari babu mai kallon kashi ɗaya shi kaɗai.

Lahadin da ta wuce ana nuna wata mata tana wanke-wanke, babu kiɗan tsoro babu komai, sai ya sa hannu ya rufe min ido. Bayan nan ne abin ya faso ta taga. Yaya, ta ina ya sani? Wannan kashin ai ba mu taɓa kallonsa tare ba.

Ki gaida Umma.

Taki,
Raudatu

19 ga Maris

Yaya Ladi,

Sallama da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa.

Kin ce a waya in tambaye shi kawai in huta. Ban bi shawararki nan take ba. Sammako na yi, na laɓe bayan wani ginshiƙi a tashar kamar ɓarauniya. Sai ga shi da wata doguwa mai rigar aiki irin tasa, waya ɗaya a tsakaninsu, iyafis ɗaya a kunnensa, ɗayan a nata. Yaya, dariya yake yi har da jefa kai baya. Rabon da in ji wannan dariyar tun shekararmu ta farko a garin nan. Ni in na tambaye shi ya aiki, amsar ba ta wuce kalma biyu. Na tsaya mutane suna ture ni ta ko'ina har jirginsu ya tashi, na isa aiki a makare.

Da yamma na tare shi yana ɗaure takalmi. Bai yi musu ba. Sunanta Adjoa, 'yar Kumasi ce, tana jin Hausar zango, tare suke lodi. Wai tun kafin su fara bin jirgi tare, sau biyu barci ya wuce da shi tashar da yake canza jirgi, shi ne take kunna musu fim don idonsa ya tsaya. Ya ba ni haƙuri kan alkawarin, ya rantse babu komai.

Na yarda da shi, kuma abin da ke cin raina ke nan. Da akwai wani abu, da na san faɗan da zan yi. Kishi nake, Yaya, har kunyar kaina nake ji. Ita ke samun minti arba'in ɗin da yake mutum, ni kuwa ragowar ake kawo min gida.

Ƙanwarki,
Raudatu

2 ga Afrilu

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata yara sun fara hutu lafiya.

Ranar Talata na ɗauki hutu, na ci kwalliya, na je tashar na tsaya a fili. Ya yi mamaki, kuma wallahi ya yi murna. Adjoa ta gaishe ni da ladabi, ta cire iyafis ɗinta ta goge da bakin riga ta miƙo min, da muka shiga jirgi kuma ta koma kujerar da ke kallonmu. Na so ta kasance mai rawar kai don in samu abin kamawa, amma ko kaɗan.

Ya kunna mana kashin da muka tsaya. Na shirya jin dariyar nan, har na tanadi abin da zan faɗa don in tsokano ta. Kafin tasha ta biyu kansa ya sauka a kafaɗata, wayar ta zame kan cinyata. Matattu na ta gudu a hannuna, mijina na minshari.

Da Adjoa za ta sauka, ta sunkuyo a hankali ta ce min shekara guda suna bin jirgin nan, ko sau ɗaya bai taɓa barin kansa ya jingina ba. Ta tuna min in tashe shi a tasha ta gaba. Na ji haushi da ta san tasharsa, na kuma rasa inda zan sa maganar tata.

Tashar ta zo, ƙofa ta buɗe, ta rufe. Ban tashe shi ba. Muka tafi har ƙarshen layi, kafaɗata ta sage, jirgi ya juya da mu. Da ya farka ya ga inda muke, haƙuri ya fara ba ni, wai ya ɓata min rana. Ni kuwa tun da muka zo garin nan, in ba ranar Lahadi ba, ban taɓa samun sa awa biyu cur ba, babu mai jiran sa, babu inda yake sauri.

Har yanzu dariyar tana wurinta, Yaya, kuma ban daina so ba. Jiya na cike takardar neman a mayar da ni aikin dare, don mu riƙa komawa gida a jirgi ɗaya. Kin san ni da barci, ki taya ni da addu'a. Kada Umma ta ji.

Taki har kullum,
Raudatu