Kujerar Baba a Gwanjon Ƙofar Gida

Dayton, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata Loretta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar taki? Ni dai jikina lafiya, amma hankalina ba ya tare da ni.

Ƙaninmu Wendell ya yi mana aika-aika. Bayan mun kai Baba gidan kula da tsofaffi, na ce masa ya rage tarkacen gidan. Gogan naki sai ya baje komai a ƙofar gida ya yi gwanjo, har da kujerar lilon Baba, a dala goma! Na tambaye shi wa ya saya, wai "wani mutum mai hula." Mai hula, Yaya! Duk garin nan wane namiji ne ba shi da hula?

Tun da aka kai shi Baba ya ƙi zama wuri ɗaya. Daga taga zuwa ƙofa, yana tambayar ina kujerarsa. Abinci sai an yi da gaske, ya rame. Ni ma ya daina gane ni, "baiwar Allah" yake ce mini, abin yana ci mini rai.

Na san irin masu sayen nan, saro suke yi su sake bajewa a ƙofar nasu gidan. Shi ya sa duk Asabar nake bin unguwanni, da dabarun da Baba ya koya mana muna yara. In fita da sassafe kafin a tsince na kirki. In zuba ƙananan kuɗi a aljihu, don mai kaya ba ya ragi in ya hango babbar takarda. Abin da nake so kuma kada in kalle shi sau biyu, in fara taya na gefensa. Da wannan tayin na gefe na tara fitilu biyu da tukunyar da ba na buƙata, kujera kuwa shiru.

Ko barci ba na iyawa. Ki sa mu a addu'a.

Taki ƙanwa,
Darlene


Dayton, daren Asabar

Yaya Loretta,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya.

Na gan ta! Can bayan gari, a wani gwanjon ƙofar gida, tsakanin wani tsani da akwatin littattafai. Tabon sigarin Baba yana nan a hannunta na hagu. Na daure fuska, na wuce ta kamar ban san ta ba, na shiga taya tsanin. Ina cikin kushe shi sai ga wata mai ciki ta zauna a kujerar, tana lilo tana kiran mijinta ya zo ya gani.

Yaya, ban san lokacin da na saki tsanin ba. Na yi tsalle na riƙe kujerar, ina cewa, "Ta babana ce, don Allah ki tashi!" Matar ta tashi a tsorace. Mai kayan ya dubi idona ya ga hawaye, ya ce dala tamanin. Ni da ake gudu a gwanjo saboda tayi, ko ragi ban nema ba, na biya.

Da na shigar da ita ɗakin Baba, ya shafa tabon, ya zauna, ya fara lilo a hankali. Can ya ce, "Nawa?" Na faɗa masa. Sai kujerar ta tsaya cak.

"Tamanin? Haba, Darlene! Kin nuna masa kina so, ko? Ke dai tun kina ƙarama fuskarki ba ta ɓoye komai. An cuce ki, 'yar nan."

Sunana ya kira, Yaya. Na tsaya ina dariya ina kuka, shi kuwa yana ta zazzaga mini faɗa, yana cin abincinsa har ya suɗe kwanon. Da zan tafi ya koma ce mini baiwar Allah, amma yana zaune.

Kada ki jira Kirsimeti, ki taho cikin makon nan. Ki zo da wani abin da aka cuce ki a kai, ki faɗa masa kuɗinsa, ko ke ma ki ji sunanki.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai jiranki,
Darlene