Inna, Na Shiga Ɗakin

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Allah Ya kai haske kabarinki. Na san ba mai kai miki wannan takarda, ba kuma za ki karanta ta ba. Amma labari ya cika min ciki, ke ce kuwa ya kamata ki fara ji.

Jikarki Hafsatu ta sauka lafiya, an samu mace. Kin ga har na rubuta sunanta, ni da ban taɓa faɗarsa a gabanki ba saboda kunyar 'yar fari. To ki yi haƙuri, abin ma ya wuce nan.

Goyon ciki ta zo gida, nan Agege, na sauke ta a ɗakinki na ƙurya. A asibitin unguwa inda take awo akwai ungozomomin da ke bin gidaje. Tamu Bayarabiya ce, Iya Tobi, gajeriya, mafaɗaciya kamar ke, Hausarta kuwa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Ta ce cikin lafiya lau yake, ana iya haihuwa a gida, amma in ta ga abin da bai yi mata ba, asibiti za a wuce, ba gardama.

Ranar, tun hantsi yarinyar nan take naƙuda ta yi gum. Har wanke-wanke ta yi! Sai da na ga ta dafe bango gumi na zuba, sannan na buga wa Iya Tobi waya. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, titi ya cushe, baiwar Allah ta sauka daga danfo, motar haya, ta ƙaraso a ƙafa, jakarta a ka.

Ni kuma na yi irin taki. Na ja kujera baranda na zauna, wai ba ruwana.

Can sai Iya Tobi ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce yarinya ta ƙame, ta cije baki don kada a ji ta, ƙarfinta yana ƙarewa a banza, in kuwa ya ƙare sai neman mota cikin wannan ruwa. Ta ce hannu biyu Allah Ya ba ta, tana neman ƙarin biyu, nawa take so.

Na shiga, Inna.

Iya Tobi ta nuna min yadda zan jiƙa tsumma a ruwan ɗumi in dafa wa yarinyar ƙugu, in danna da tafin hannu duk sanda ciwon ya taso. Muka zagaya ɗaki da ita, tana koya mata jan numfashi a hankali. Da abin ya kankama, na kira ta da sunanta, na ce ta yi kukanta. Kai, ta kuwa ƙwalla ihu, har mai shayin bakin titi ya ji! Ƙanwarki Gwaggo Larai tana waje tana salati, wai mun zubar da mutuncin gida. Kafin la'asar jaririya ta faɗo tana tsala nata. An yi ɗan ɗinki, amma sai da aka yi wa mai jegon allurar kashe zafi. Wa ya yi mana wannan gatan?

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ranar da na haifi Hafsatu a ɗakin nan, na cije filo har ya yage, kika yi ta alfahari da ni wajen mata. Amma na ga ƙafafunki ta ƙasan labule, tun farko har ƙarshe ba su gusa ba. Kin so ki shigo, ko? Ban riƙe ki ba ko kaɗan. Ƙafafun nan naki nake kallo har na sauka. Na gode.

Yau Iya Tobi ta dawo duba mai jego. Ta hana wanka da tafasasshen ruwa, ta sa an rage kanwa a kunu, suka kwasa da Gwaggo Larai, ni dai dariya nake. Sai ta ga yatsuna sun kumbura inda Hafsatu ta damƙe ni, ta ciro man zafi. Na ce ta mayar da abinta. Wannan ciwon ina son kayana.

Ki huta lafiya, Inna. Allah Ya sada mu a Aljanna.

Taki 'yar fari,
Binta